Mun Gyara Gida Don Idon Baƙo, Mun Manta da Huhun Mai Ɗaki

A ƙarshen damanar bara wani ƙanena ya kira ni in zo in ga gyaran da ya yi wa ɓangaren da zai sa amaryarsa. Na same shi a bakin ƙofa yana murmushi irin na wanda ya kashe kuɗi, ya kuma ga abin da kuɗinsa ya saya. Gaskiya aikin ya ɗauki ido. An sauke tsohon silin an yi na POP mai ɓoyayyun fitilu, an shimfiɗa tayil tun daga falo har banɗaki, an cire tsofaffin tagogi an sa na alminiyam masu zugewa, an kafa sababbin durowoyi a ɗakin kwana da kicin. Ƙananan ƙofofin iska da magini na farko ya bari a saman bango kuwa an toshe su da siminti an shafe, domin a cewarsa suna ɓata tsarin ɗaki.

Ban yi minti goma a ciki ba idanuna suka fara yaji, maƙogwarona ya bushe. Na ce masa, "Wannan warin fa?"

Ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, ai ƙamshin sabon gida ke nan. Jiya mai fenti ya gama, gobe 'yan jere za su zo, ran Lahadi a kawo ta. Da an sa turaren wuta ba za ka ji komai ba."

Ƙanen nan nawa ba jahili ba ne, yana da digiri biyu. Amma amsar da ya ba ni ta tattara kuskuren da mu 'yan boko masu ɗan abin hannu muke ta maimaitawa a Kano da Kaduna da Abuja da Yamai. Ya kira warin sinadari ƙamshi, ya ba fenti kwana uku alhali yana bukatar makonni, ya kuma yi shirin rufe gurɓatacciyar iska da hayaƙi. Abin da nake son in kare a nan shi ne cewa yawancin abin da muke kira gyaran gida ado ne don ganin ido, kuma muna biyan kuɗinsa sau biyu: sau ɗaya a wurin magini, sau ɗaya a asibiti.

Wa ke zaune a ɗakin?

Babban mutum yana shaƙar iska fiye da lita 10,000 a kowace rana. Ruwan da yake sha bai wuce lita biyu ko uku ba. Duk da haka dubi yadda muke ɗawainiya da ruwa: muna haƙa rijiyar burtsatse, muna sayen na roba, muna tacewa, muna tafasawa. Iska kuwa ba mai tambayar daga ina ta shigo, ta ina za ta fita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓacewar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Mafi yawan wannan adadi daga hayaƙin itace da gawayi da kananzir yake fitowa, shi ya sa muke ganin matsalar talakawa ce, ba ta shafi mai falon tayil ba. A nan muka ruɗi kanmu. Talaka yana da hayaƙi amma ɗakinsa na yoyon iska. Mu kuwa mun rage wani hayaƙin, mun kawo wasu gubobin, sannan muka liƙe duk wata kafa da za su iya fita.

Akwai kuma maganar adalci. Wanda ke yanke shawarar gyara shi ne maigida, kuma shi ne ya fi kowa ƙarancin zama a gidan. Yana fita da hantsi, sai bayan isha'i ya dawo. Masu wuni a ciki su ne mace mai ciki, da mai jego, da jariri, da yaro mai rarrafe da ke kai duk abin da ya taɓa baki, da tsohuwar da ƙafa ta hana fita. Yaro ya fi babba shaƙar iska idan aka auna da nauyin jikinsa, huhunsa da ƙwaƙwalwarsa kuma suna cikin ginuwa. Shawara tana hannun wani, sakamakonta yana ƙirjin wani.

Kuskuren da wasu suka riga mu yi

Ba mu muka fara ba. Bayan takunkumin man fetur na shekarar 1973, makamashi ya yi tsada a Amurka da Turai, sai magina suka shiga liƙe gine-gine don kada ɗumi ko sanyi ya tsere. A Amurka an rage adadin sabuwar iskar da ake shigarwa don kowane mutum zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na yadda yake a da. Ba a daɗe ba ma'aikatan ofisoshi suka fara kukan ciwon kai da yajin ido da kasala, waɗanda kan lafa da zarar sun bar ginin. Wani rahoton kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1984 ya nuna cewa sababbin gine-gine da waɗanda aka yi wa kwaskwarima, har kashi 30 cikin ɗari nasu na iya zama masu jawo irin wannan koke. A 1989 masu tsara ƙa'idar gini a Amurka suka mayar da adadin iskar sama. Sun koyi darasi, suka haɗa liƙe gini da na'urorin shigo da sabuwar iska. Mu mun kwaikwayi liƙewar, mun bar na'urorin.

Tsohuwar taga mai fallayen gilashi a jere tana buɗewa kusan gaba ɗayanta. Ta alminiyam mai zugewa rabi kawai take buɗewa komai ƙoƙarinka, domin falle ɗaya yana hawa kan ɗaya. Wanda ya musanya wannan da waccan ya raba iskar ɗakinsa biyu, ya kuma biya kuɗi don a yi masa haka. Na'urar sanyaya ɗaki da ake kafawa a bango ba ta shigo da iska daga waje. Iskar cikin ɗakin take ja ta sanyaya ta mayar. Ɗaki mai sanyi da ɗaki mai tsabtar iska abubuwa biyu ne daban. Ƙara da tsakar gida da ake rufewa da kwano don a faɗaɗa falo, da gini da ake cusawa har jikin katanga ba a bar ko taku biyu ba, sai ka ga gida ya zama tulu mai murfi.

Abin da muke zubawa a tulun

Durowoyi da kabad ɗin kicin na yayi yawanci ba na katako zalla ba ne. Garin itace ne aka matse da gam, gam ɗin kuma sau da yawa yana ɗauke da fomaldehaid, sinadarin nan da ake jiƙawa a yi fomalin na adana gawa a makarantun likitanci. A hankali yake fita cikin iska, na watanni har shekaru, kuma a 2004 hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam sankara. Zafi da laima suna ƙara saurin fitarsa. An ga haka a Amurka bayan guguwar Katrina ta 2005, lokacin da aka tsugunar da dubban iyalai a gidajen wucin gadi masu irin wannan katako, aka auna aka samu sinadarin ya yi yawa a cikinsu, har aka nemi a kwashe mutanen. To, ina ga ɗakin da ke Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40, tagogi a rufe, wuta ta ɗauke?

Fenti yana da tasa illar iri biyu. Ta farko ita ce warin da ƙanena ya kira ƙamshi, wato sinadarai masu tashi da ke fita daga fentin mai da tina yayin bushewa. Wannan yana raguwa da lokaci, in an ba shi lokacin da iska. Ta biyu ba ta da wari kuma ba ta raguwa: dalma. Mu 'yan Arewa ba ma bukatar a yi mana bayanin gubar dalma. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun zinare masu dalma a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke wasa. Wancan bala'i ne mai girman da fenti ba zai kai ba, amma hanyar shigar gubar ɗaya ce: ƙura a ƙasa, hannun yaro, bakin yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Kaɗan ma yana rage kaifin ƙwaƙwalwar yaro, kuma abin da ya ɓace ba ya dawowa.

Amurka ta haramta fenti mai dalma a gidaje tun 1978, kuma iyakar da ƙasashe da yawa suka amince da ita yanzu ita ce kashi 90 cikin miliyan. Gwaje-gwajen da aka yi wa fentin mai a kasuwannin Najeriya sun sha gano dalma da ta ninka wannan iyaka sau da yawa, musamman a launin rawaya da ja da kore, irin wanda muke shafa wa ƙofofi da ƙarafan taga da ƙofar gida. Muddin fentin yana manne da ƙarfe haɗarinsa kaɗan ne. Ranar gyara ita ce ranar tashin hankali, lokacin da yaron mai fenti zai zo da takardar goge katako ya kankare tsohon fenti a bushe, ƙurar ta bi gida, yara suna kai da komo a tsakiyarta, sannan a share da tsintsiya a ƙara tayar da ita.

Haka labarin silin yake. Gidaje da yawa da aka gina a shekarun 1970 da 1980, har da rukunin gidajen ma'aikata, suna da silin ko rufin asbestos. Idan yana zaune lafiya bai fashe ba, zarurrukansa suna ɗaure a cikin siminti. Da zarar an sa guduma ko zarto, sai su tashi, ido ba ya ganinsu, su shiga huhu su zauna. Sankarar da suke haifarwa a fatar huhu takan ɗauki shekara 20 zuwa 50 kafin ta bayyana. Birtaniya ta haramta asbestos gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, kuma a can cire shi aikin ƙwararru ne masu rigar kariya. A wurinmu ana ba leburori biyu kuɗin yini su farfasa shi da hannu, ba ko ƙyalle a hanci, a zubar da tarkacen a bakin layi inda almajirai ke tsince-tsince. Leburan nan ɗan shekara ashirin ne. In ciwon ya zo masa yana da hamsin, ba wanda zai tuna silin ɗin wane Alhaji ya sauke. Haka mai yankan tayil a bushe, wanda ƙurar dutse ke tara wa tabo a huhu. Kyan falonmu yana da masu biyan bashinsa da ba a gayyatar su walima.

Sai danshi. Bangon da ke shan ruwa daga ƙasa ko daga bututun da ya tsage yana tsirar da fumfuna, kuma zama cikin danshi da fumfuna yana da alaƙa tabbatacciya da tari da asma. Maganinsa a nemo inda ruwan ke fitowa a tare shi. Abin da muka fi yi shi ne mu liƙa tayil ko takardar bango a kai, mu ɓoye ciwon ga baƙo, mu bar shi yana ci ta ciki.

Wuta a rufaffen ɗaki

Gidan Bahaushe na da yana da nasa aibi. Tagoginsa ƙanana ne, kuma hayaƙin murhu ya cinye idanu da ƙirazan iyayenmu mata ba adadi. Ba na kiran kowa ya koma can. Amma tsarin yana da hikima ɗaya da muka yar: wuta tana tsakar gida ko a madafa ta daban, barci yana ɗaki. Yanzu mun shigar da kicin cikin gida, bango ɗaya da ɗakin yara, da 'yar taga guda wadda labule ya rufe. Murhun gas ya fi itace tsabta nesa ba kusa ba, amma shi ma yana fitar da iskar da ke fusata hanyoyin numfashi, ga tururin mai na suya. Kicin na miliyoyin naira da ba shi da fankar zuƙe hayaƙi zuwa waje kicin ne da ba a gama ba.

A kan wannan muke ƙara abubuwan da muke ƙonawa da gangan. Wani bincike da aka wallafa a 2003 ya gano cewa maganin sauro mai naɗi guda ɗaya, idan ya ci har ƙarshe, yana iya fitar da ƙananan ƙwayoyin hayaƙi daidai da na karan sigari 75 zuwa 137. Uban da ba zai yarda baƙo ya kunna sigari ɗaya a falonsa ba, shi ne zai kunna wannan a ɗakin 'ya'yansa ya ja ƙofa. Turaren wuta kuma, na san taɓa shi taɓa mutuncin ɗakin mace ne, kuma ba na neman a bar shi. Sai dai huhu ba ya bambanta hayaƙi mai ƙamshi da mara ƙamshi, garwashin da ke cikin kasko kuma gawayi ne. A turara ɗaki babu yara a ciki, a fitar da kaskon, a buɗe taga. Ƙamshin zai kama labule da tufafi ya zauna, hayaƙin ya fita.

Mafi saurin kisa shi ne kabon monoksaid, iskar da janareta da gawayi ke fitarwa. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau 200 da ɗoriya. Mai barci ba ya farkawa ya ji ta. Ba mai karanta jaridun ƙasar nan da bai taɓa cin karo da labarin iyalin da aka wayi gari an same su a mace ba, janareta a lungu ko a baranda, ko kaskon gawayi a ɗaki cikin sanyin hunturu. Hukumomin lafiya na Amurka suna ba da shawarar a ajiye janareta a waje, aƙalla mita 6 daga kowace ƙofa ko taga. Gidaje nawa aka gyara bana da aka zana wa janareta wuri tun a takarda?

Hujjojin masu liƙe gida

Za a ce mini, "Malam, ka manta da ƙurar hunturu, da sauro, da ɓarayi, da hayaƙin maƙwabta." Ban manta ba, kuma hujjoji ne na gaske. Amma kowannensu yana da amsar da ba ta kai ga toshe iska ba. Sauro raga ke tare shi, a taga da ƙofofin iska da kan gado, gidan sauro mai magani kuma ya fi kowane hayaƙi kare yaro daga zazzaɓin cizon sauro. Ɓarawo ƙarfe ke tare shi, kuma ba ɓarawon da ke shiga ta ramin da bai wuce tafin hannu ba a saman bango. Ƙurar hunturu ita ce hujja mafi ƙarfi, domin akwai ranakun da iskar waje ta fi ta ciki muni, kuma rufe taga a ranakun nan daidai ne. Sai dai wanda ya rufe taga ya ɗauki alkawarin ba zai ƙona komai a ciki ba, zai goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara, zai kuma buɗe idan ƙurar ta lafa. Hunturu wata uku ne ko huɗu. Ba a toshe bango da siminti shekara talatin saboda shi.

Za a kuma ce tsada. Wannan ita ce hujjar da ta fi ba ni mamaki daga bakin mutumin da ya sayi fitilar falo da kuɗin da ya kai albashin malamin firamare na watanni. Barin ƙofofin iska a buɗe kyauta ne. Jiƙa tsohon fenti kafin a kankare shi kyauta ne. Fankar kicin da na'urar da ke ƙara idan kabon monoksaid ya taru, a haɗa su biyu ba su kai kuɗin labulen falo ba. Abin da ya yi mana tsada shi ne haƙuri, da kuma kashe kuɗi a kan abin da baƙo ba zai gani ya yaba ba.

Tsarin da ya kamata

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A gyara gida, amma a juya jerin. Kafin a fasa komai a tambayi shekarun ginin. In silin ɗinsa tsohon asbestos ne kuma lafiyayye, sau da yawa barin sa ko rufe shi ya fi sauke shi aminci. In dole a sauke, a jiƙa shi, a cire shi falle-falle ba tare da fasawa ba, ma'aikata su sa abin rufe hanci na gaske, a naɗe shi a kai inda ba za a tone ba. Mata masu ciki da yara su bar gidan har a gama a wanke. Kowane ɗakin kwana ya samu hanyar iska ta ɓangare biyu, da mafita a sama inda iska mai zafi ke taruwa. A ware wa kicin da janareta wurinsu kafin a zaɓi launin tayil. A tare danshi daga tushensa. A fifita fentin ruwa a cikin ɗakuna, a nemi wanda aka rubuta a jikin gwangwaninsa cewa ba a sa masa dalma ba, in mai shago ya ce bai sani ba a wuce gaba. A fifita katako zalla ko ƙarfe inda hali ya yi, in kuwa na matse ne a liƙe gefunansa, a bar shi ya sha iska kafin ya shiga ɗakin kwana. Sannan a sa ranar gama aiki ta riga ranar tarewa da makonni, tagogi a buɗe.

Ku masu karanta wannan wasiƙa, a cikinku akwai masu zanen gini da injiniyoyi da likitoci da jami'an hukumomin tsara birane. Mai zanen da ya bi son ran maigida ya shafe tagar baya ya ci amanar sana'arsa. Likitan da yaro ya zo masa da tari karo na huɗu, ya rubuta magani bai tambayi uwar abin da ake ƙonawa a ɗaki ko yaushe aka yi fenti ba, ya bar rabin aikinsa. Jami'in da ya sa hannu a kan ginin da ya cinye fili har katanga ya san abin da ya sa wa hannu. Mu sauran kuma, kasuwa tana kawo abin da muke tambaya ne. Ranar da mutum ɗari suka shiga shagon fenti suka tambayi maganar dalma, dillali zai fara tambayar kamfani.

Ƙanena bai ɗaga biki ba, ban kuma yi tsammanin zai ɗaga ba. Abin da na samu daga gare shi shi ne ya kira magini ya sake buɗe ƙofofin iskan nan huɗu aka sa musu raga, ya bar tagogi a buɗe da fanka tana aiki har ranar da aka kawo amarya, ya kuma mayar da janareta bayan gida kusa da katanga. Magini ya karɓi kuɗin buɗe abin da aka biya shi ya toshe mako biyu da suka wuce, yana girgiza kai yana cewa, "Yallaɓai, ai da ka bari yadda yake." Bana suna jiran haihuwa, kuma na riga na faɗa masa cewa ɗakin jaririn ba za a yi masa sabon fenti ana gobe suna ba.